Jitar Bahago

Dogo ya jingina jitar a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaure ta don kada birki ya kifar da ita, sannan ya zagaya ya shiga mazaunin direba. Tun bai gama zama ba bayansa ya amsa, ciwon nan da ke tashi daga ƙugu ya bi ƙafar dama har dunduniya. Ya ciji leɓe ya tada mota. Akwatunan burodin da ke baya suka ɗan girgiza, ɗuminsu ya biyo shi har gaba.

Matarsa ce ta sauko da jitar daga saman sif ɗin ɗakin Baba, mahaifinsa, a saɗaɗe, tun tsohon yana barci. Ta goge ƙurar jakar da tsumma, ta biyo shi da ita har bakin mota ta danƙa masa a hannu.

"Maigida, yau dai kada in gan ka da ita," in ji ta. "Wancan karon har ƙofar shagon ka kai, ka juyo."

"A rufe na same shi."

"Uhm. Shagon da ko ranar hutu ba ya rufewa, kai kaɗai yake rufe wa. Ni ba ƙin ta nake ba. Amma jita ba ta goya mutum zuwa banɗaki. Ranar da bayan nan naka ya ƙi tashi, ku biyun zan ɗauka ko yaya?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa zafi. Tun da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, Dogo ne ƙafafunsa. Shi ke goya shi zuwa banɗaki, shi ke fito da shi baranda ya sha iska, ranar asibiti kuma shi ke saɓa shi daga bakin mota har ɗakin da ake gasa masa jiki. Likitan da ke duba Baba ya kalli tafiyar Dogo rannan, ya ce masa in bai nemi keken guragu ba, nan gaba kaɗan gado biyu za a shimfiɗa a gidan. An samu keken, na hannu ne amma da sauransa, mai shi kuma ya ce ba zai jira har abada ba. Talabijin ta riga ta tafi a kan magani, sarƙar matarsa ta bi bayanta. Abin da ya rage a gidan wanda wani zai kalla ya sa hannu a aljihu, jitar nan ce kawai.

Kuma ba wani kaɗa ta ake yi ba. Wata guda kan wuce ba a zuge jakar ba. Sai ran da abin ya motsa wa Baba, ya ce, "Kai, sauko da ita." A ɗora masa a cinya, ya kama wuyanta da hannun daman da ya rage masa yana danna tsirkiyoyin, Dogo kuma ya zauna ta gefen hannun da ya mutu yana kaɗawa. Ba su taɓa kai ƙarshen waƙa ba, don a tsakiya Baba kan ja tsaki ya ce, "Kaɗawa aka ce, ba duka ba. Zaginka ta yi?" Duk da haka Dogo na son wannan zaman. In ban da shi, bai san wani lokaci da kafaɗarsa ke taɓa ta ubansa ba tare da yana ɗauke da shi ba.

A zamaninsa Baba ba ƙaramin makaɗi ba ne. Bahago ake kiransa, don da hagu yake kaɗawa, kuma babu otal ko wurin biki a garin da bai san muryar jitar nan ba. Ita ta biya kuɗin makaranta, a shekarun da aka biya. Ita ke kwana a kan kujera mai laushi, yara suna ƙasa. Marigayiya mahaifiyarsu takan ce in gobara ta tashi a gidan, ta san abin da mijinta zai fara fitarwa, kuma ba ta faɗa da wasa.

Dogo ya bi kantunansa ɗaya bayan ɗaya, yana sauke cikakken akwati yana ɗaukar wanda aka juye. A kantin Mama, tsohuwar da ta san shi tun yana yawo da gajeren wando, ta fito karɓar kaya ta leƙa gaban motar.

"A'a, Dogo, yau da fasinja aka fito? Wannan ba jitar Bahago ba ce?"

"Ita ce, Mama."

"Allah sarki. Ɗan taɓa mana ita mana, mu tuna da."

"Ban iya ba."

"Ɗan Bahago guda? Kai dai ka ce rowa."

"Wallahi ban iya ba, Mama. Ni dako na iya." Ya dire mata akwatin a gaban tebur ya fita.

Ba ba'a yake yi ba. Yana ɗan firamare ya nace sai an koya masa. Baba ya zaunar da shi a gabansa, fuska da fuska, ya danna tsirkiya da yatsu uku ya kaɗa, sauti ya fito tas. "Ka ga hannuna? To yi." Dogo, da yake shi na dama ne, ya juya jitar ta zauna masa daidai, ya ɗora yatsunsa inda ya ga na ubansa, ya kaɗa. Abin da ya fito ya fi kama da kwanuka sun zube a kicin. Ya sake, ya kuma sakewa. Ya haddace hannun Baba har yana ganin sa ido a rufe, yatsunsa suka yi kanta, amma sautin bai taɓa gyaruwa ba. Wata rana maƙwabta na zaune a falo ana hira, Baba ya kira shi ya ce ya gwada. Da ya gwada, Baba ya yi dariya har da buga cinya, ya kama hannunsa ya ɗaga sama yana nuna musu.

"Ku dubi ikon Allah, wai ni na haifi wannan. Hannun dako ne, ba na kiɗa ba."

Suka yi dariya, shi ma ya taya su, don bai san yadda zai yi da fuskarsa ba. Daga ranar ya bari. Ya girma a kan cewa akwai abin da Allah ya ba uban ya hana ɗan, kuma bai taɓa jin haushin kowa ba sai na hannunsa.

Yana barin kantin ƙarshe wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, wadda ke aure a nesa, wadda ke son Baba ƙwarai da gaske ta waya.

"Dogo, me nake ji? Jitar Baba za ka kai kasuwa yana raye?"

"Keke nake so in saya masa, Yaya."

"Ka ji tsoron Allah. Abin da ya rage masa ke nan a duniya."

"To ki zo ki goya shi mako guda, sai in mayar da ita saman sif."

Sai ta ce ba ta jin sa sosai, za ta sake kira. Ya jefa wayar gefe. Abin takaicin, ita ma gaskiya ta faɗa. Da ya iso kwanar da ke kaiwa shagon ya kunna sigina, ya kashe, sai da na bayansa ya dame shi da hon sannan ya karya sitiyari ya shiga.

Shagon kayan kiɗan a bayan kasuwa yake, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da taya. Ɗaki ne matsattse, jitoci rataye a bango, lasifikoki jibge har rufi, wayoyi ko'ina a ƙasa. Mai shagon, wani mai tumbi da tabarau a goshi, yana cin abinci a roba. Bai tashi ba, da cokali ya nuna wa Dogo tebur. Sai da ya sha ruwa ya goge hannu a wando, sannan ya zuge jakar.

"Iye," in ji shi, ya sauko da tabarau kan hanci. Ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, ya ɗaga ta yana leƙen wuyan da ido ɗaya. "Katakon da ne wannan, ba irin kwalin da suke kawo mana yanzu ba. An ji da ita. Ta wa ce?"

"Ta mahaifina."

"Allah ya jiƙansa."

"Yana raye."

"To Allah ya ƙara lafiya." Ko a jikinsa. Ya ɗora ta a cinya ya danna ya kaɗa, sai ga sautin nan da Dogo ya sani tun yana yaro, sautin kwanuka. Mai shagon ya dubi tsirkiyoyin ya yi 'yar dariya. "Ashe ta bahago ce. Malam, ai sai ka faɗa mini."

"Eh, shi bahago ne."

"Ba shi nake nufi ba, ita. Dubi nan." Ya ɗora yatsa a kan tsirkiyar da ta fi kauri. "Wannan a sama take zama, sirarar kuma a ƙasa. In bahago ya riƙe ta, komai na wurinsa. In ni da kai muka juya ta, mai kaurin ta koma ƙasa, duk inda ka sa yatsa a kan wadda ba ita ba ka sa."

Dogo ya tsaya yana kallon tsirkiyoyin nan da ya yi shekara da shekaru yana gani. Kowa ya san Baba bahago ne, har sunansa ke nan. Babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa jitar ma bahaguwa ce.

"To in yaro mai dama ya koya da ita fa?" in ji Dogo. "A ce yana kallon hannun bahagon yana kwaikwaya."

"Ai sai ya tsufa yana abu ɗaya. Yatsunsa daidai, sautin ba daidai ba."

"Juya ta aiki ne babba?"

"Ina fa. A kwance tsirkiya a mayar, a ɗan gyara inda suke zama. Yanzu-yanzu sai a gama. Ni ma in na saya sai na juya ta, don bahagwai ba su da yawa." Ya ɗago ya kalle shi. "Kai ne yaron?"

Mai shagon ya miƙa hannu bango ya sauko da wata jita mai arha, mai fenti ja, ya tura masa.

"Riƙe. Sa hannunka yadda ka gani."

"Bar shi kawai, ban iya ba."

"Sa mana, ba kuɗi za ka biya ba."

Ya karɓa don kunya. Bai ma yi tunani ba, yatsun nan uku suka tafi da kansu suka zauna inda suka haddace tun yana firamare. Ya kaɗa sau ɗaya. Sauti ya fito tas, cikakke, ya cika ɗan shagon. Ya matsar da yatsun zuwa zama na biyu, ya kaɗa. Na uku. Farkon waƙar nan ce da mahaifiyarsa ke so, wadda Baba kan kaɗa mata in ya ɓata mata rai. Daga hannunsa take fitowa, a tsaye, da rigar kamfanin burodi a jikinsa da furfura a gemunsa.

Ya ajiye jitar a tebur a hankali. Ba daɗi ya ji ba. Wani baƙin ciki ne ya taso masa, har ya manta da ciwon baya.

"Ka ga, ka ma iya," in ji mai shagon, ya koma ya ɗauki robarsa. Da abinci a baki ya faɗi abin da zai biya. Kuɗin zai sayi keken, har a samu ɗan canji.

"Bar ta a nan," in ji Dogo. "Kada ka taɓa ta. Zuwa yamma zan kira ka."

Ya mayar da mota gidan burodi, ya sauke akwatuna, ya miƙa makulli, duk bai san yana yi ba. A hanyar gida, a cikin bas, ya yi ta nema wa Baba hanzari. Mutumin nan fa ba makaranta ya je ya koya ba, da kansa ya koya. Wataƙila haka ya saye ta. Wataƙila shi ma bai taɓa lura ba, ya ɗauka da gaske ɗan ne ba shi da hannu. In haka ne, to kuskure ne ya ci su su biyu, kuma Dogo zai je ya karɓo ta ya mayar saman sif, keken kuma a nemi wata hanya. Har ya fara ganin yadda za su yi dariyar abin tare.

Matarsa na kwashe shanya ya shigo. Ta kalli hannunsa, babu komai, fuskarta ta saki.

"An gama?"

"Tukuna."

"Tun ɗazu Baba yake tambayarka. Ya ga saman sif."

Ɗakin Baba na warin man zafi. Rediyo na magana ƙasa-ƙasa a kan taga, kofin roba da magunguna a kan kujera. Tsohon na jingine da filo biyu, hannun hagu kwance a cinya inda aka ajiye masa shi. Bakinsa ya karkace tun ciwon, magana na fita a daddafe, amma idon nan na nan da kaifinsa.

"Kai, ina jitata?"

"Na kai ta a duba, Baba. Ta daɗe a ajiye."

"Wa ya ce ka kai? Masu gyaran yanzu ba kai gare su ba." Ya numfasa, ya goge gefen bakinsa da hannun dama. "Ka dai gaya masa ta bahago ce. Kada ya je ya juya mini tsirkiya."

Dogo ya ɗauke magungunan ya zauna a kujerar.

"Ashe ka sani."

"Na san me?"

"Cewa a juye take a hannun mai dama."

"Jitata ce fa. Ni na ɗaura ta haka da hannuna. In ban sani ba wa zai sani?"

"Lokacin da kake koya mini, Baba. Ina juya ta, kana kallo. Ka san ba zai taɓa fita daidai ba."

Baba ya ƙura wa bango ido. Dogo ya ɗauka kunya ce ta kama shi, har zuciyarsa ta fara sanyi. Can ya gane ba kunya ba ce, tsohon ƙoƙarin tunawa yake yi.

"Oh, wannan," in ji Baba. "Ai ka daɗe da bari."

"Me ya sa ba ka juya mini ba?"

"Tsirkiya in ana kwancewa ana ɗaurawa tsinkewa take yi. Ni kuma da ita nake fita neman abinci kullum. Don wasan yara zan yi ta kwance kayan sana'ata?"

"To da ka gaya mini. Da ka ce ba laifina ba ne."

"In gaya maka ka ishe ni da kuka in saya maka taka? Da me?"

Babu faɗa a muryarsa, babu nadama. Bayani kawai yake yi, irin na wanda aka tambaya hanyar kasuwa. Wannan ne ya fi ƙona ran Dogo. Da ma Baba ya ce ya yi ne don kada ɗansa ya ƙare a otal-otal, ko da ƙarya ce, da ya karɓa hannu biyu.

"A gaban mutane ka ɗaga hannuna, Baba. Ka ce na dako ne."

Rabin bakin da ke motsi ya yi murmushi, har ƙirjinsa na girgiza.

"To ba ga shi ya yi rana ba? Da makaɗi ka zama, yau wa zai ɗauke ni?"

Dogo ya miƙe. Ya mayar da magungunan kan kujera, ya gyara filon da ya zame, ya fita baranda ya ja ƙofa. Rana ta yi sanyi, 'ya'yansa na wasa a bakin titi. Da safe ya ɗauka rabuwa da jitar nan za ta yi masa wuya. Ya lalubo lambar mai shagon babu ko ɗar, kuma wannan ma ya ba shi baƙin ciki.

"Mai jitar ɗazu ne," ya ce. "Na sayar."

"Madalla. Ka ma yi sa'a, bayan fitarka wani ya shigo yana neman wadda ɗansa zai koya da ita, ya ganta ya ƙyasa. Sai dai yaron na dama ne. In juya ta ko?"

"Juya. Ka juya masa ita da kyau. Da safe zan biyo in karɓi kuɗin."

Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Matarsa na tsaye da kayan shanya a hannu, ta ji komai, ta kalli fuskarsa ta wuce ciki. Daga cikin ɗaki muryar Baba ta fito, a daddafe.

"Kai, da mai gyaran kake magana? Ka gaya masa kada ya taɓa mini tsirkiya?"

"Na gaya masa, Baba," in ji Dogo.